Injin da Raga Ta Ciro

Shekara ashirin injin kwalekwalen nan yana ƙasan ruwa, tun ranar da ya nutse da mahaifin makanikin. Da ragar masunta ta ciro shi, makanikin ya kai shi rumfar da ke bayan gidansa, ya kankare tsatsa, ya sa sabon fulogi. Taimin kaɗai ya rage, wato daidaita lokacin da injin zai ba da wuta.

Rana ta yi ja, kaji sun shige akurki. Ya ɗaga faifan saman injin, ya goge 'yan ƙarafan nan biyu da ke haɗuwa su rabu su ba da wuta, ya auna tazararsu. 'Yarsa budurwa, wadda yake kira Uwata, ta saƙa siririyar takarda a tsakaninsu. Shi zai juya faifan a hankali, ita kuma ta faɗa masa lokacin da takardar ta zame.

"Maigida, magariba fa ta yi," in ji matarsa daga tsakar gida. "Injin ba zai gudu ba."

"Ai so nake ya gudu," ya ce yana dariya. "Riƙe da kyau, Uwata."

Ya juya faifan. Wuta shuɗiya ta tartso, alhali bai haɗa waya ba. Yarinyar ta ƙame, haƙoranta suka datse.

Tun daga ranar, kowace magariba tsakuwa ke zuba a kan kwanon gidan, jiƙaƙƙiya, mai ƙarnin ruwa. An kai yarinyar asibiti, ba a ga komai ba. Ko cokali ba ya shiga bakinta. A rana ta uku makanikin ya taɓa faifan cikin ɗimuwa, ƙarafan suka rabu, sai ya ji matarsa ta yi salati a ɗaki: bakin yarinyar ya buɗe. Ya ƙara juyawa, bakin ya rufe.

Haka ya koma zama a rumfa, yana riƙe da faifan da hannu biyu har a gama ba ta ruwa. Mutumin da babu injin da ya taɓa gagararsa, yanzu ko sukudireba tsoron ɗauka yake.

Wani dattijon malami ya zo bayan la'asar. Ya sa aka buɗe ƙarafan, ya zauna a gefen tabarmar yarinyar yana karatu, bai ɗaga murya ba. Can wata murya mai kauri ta fito daga bakin yarinyar.

"Injin nan gidana ne. An ɗauko ni ban ce komai ba. An kankare ni na yi haƙuri. Sannan ubanta ya kunna wa ɗana wuta a ido."

"Bai sani ba," in ji malam. "Ita kuwa me ta yi maka?"

"Ita ta riƙe takardar. Ita nake so."

"Wannan kam ba ka isa ba."

Karatu ya ci gaba har yarinyar ta fara murƙususu, uwar na kuka a bakin ƙofa.

"To, a mayar mini da gidana inda aka ɗauko shi. Ko ƙusa ɗaya kada ta rage," in ji muryar.

"Malam," makanikin ya ce, "ko kabarin babana ban da shi. Injin nan ne kawai ya rage mini."

 Malam ya kalli yarinyar, shi ma makanikin ya kalle ta.

Kafin rana ta faɗi ya tuƙa kwalekwale da filafili zuwa tsakiyar ruwa. Ya daidaita tazarar a karo na ƙarshe, ya ɗaure faifan yadda ƙarafan za su zauna a buɗe, ya yi bisimilla, ya tura injin cikin ruwa. Ko kumfa bai yi ba.

Da ya dawo gida, kwano shiru. Yarinyar na zaune a tabarma, ta haɗe yatsu biyu kamar mai riƙe da wani abu. Ta ɗago ta dube shi, da muryarta ta da.

"Baba, yanzu! Ta zame."

Ya durƙusa ya kama yatsun.

"Na ji, Uwata. Saki haka nan."