Ɗigon Fenti a Jikin Inji

A bakin titi ya fara ganinta, ta kama ƙugu gaban wata tsohuwar mota tana hararar ta kamar su yi dambe. Mahaifinta na ciki yana ta murɗa makulli, motar tana tari tana tofo wuta ta kafireta, mahaɗar mai da iska.

Makanike ya ajiye sifana ya tsallako, hannunsa baƙi ƙirin da mai.

"Sannunku, Baba. In duba?"

Tsohon bai ko waiwayo ba. Ita ce ta amsa.

"Duba mana, Baƙin Mai. Ta ƙi mu ƙiri-ƙiri."

Sunan da ya bi shi ke nan. Ita kuwa Auta ake ce mata. Tun ranar zuciyarsa ta tafi, bai kuma yi ƙoƙarin kamo ta ba.

Ya wanke kafireta, ya busa jet, 'yar hudar da mai ke bi, ya canja fulogi. Sannan ya kwance notin distibuta, mai raba wa fulogi wuta, ya juya ta a hankali har taimin ya zauna, wuta na zuwa daidai lokacinta. Motar ta yi luf. Da yamma saƙo ya shigo wayarsa:

"Baƙin Mai, ta kai mu gida ko tari babu. Baba bai yabe ka ba, amma ni na yaba."

Ya mayar: "Autata, yabonki ya ishe ni har ƙarshen rayuwa."

Mahaifin nata, Baba Direba, da wannan motar ya ciyar da gidansa tun yana saurayi, kuma kafin ranar nan bai taɓa yarda wani ya saita masa taimin ba. Da kunne yake yi. Tsofaffin direbobi har yau suna ba da labarin kunnen nan nasa.

To, ba a jima ba motar ta koma gidan jiya. Makanike ya je ya gyara. Ta sake. Ya canja gasket, ya gwada tsayin mai a cikin kafireta, ya bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya. Kullum sai ya tarar taimin ya goce, ya mayar, ya ɗaure, a kwana biyu ya sake gocewa. Abin ya hana shi ci, ya hana shi barci.

"Yaron nan ɗan koyo ne," in ji Baba Direba, da ƙarfi, don ƙarfin murya ya zama masa jiki. "Wanda ya kasa riƙe inji, yaya zai riƙe mini 'ya?"

Ana cikin haka wani dillalin motoci ya kunno kai, da turarensa da daɗin bakinsa. Ya ce a ba shi wannan gwangwanin ya kawo sabuwa fil, ai shi ma ɗan gida yake son zama. Kowa ya gane inda ya dosa.

Makanike ya rasa ta yi. Ran nan bayan ya saita, sai ya ɗiga farin fenti a gindin distibuta, rabi a jikinta rabi a jikin inji. Da ya dawo ya tarar ɗigon ya rabu biyu, noti kuma a ɗaure tam, da sabon sawun sifana a kafaɗarsa. Hannun mutum ne.

Ya waiwaya. Baba Direba na tsugune ya ba shi baya yana goge taya. Makanike ya ce, "Baba." Shiru. Ya ɗaga murya, "Baba!" Shiru.

Wayyo. Ashe kunnen ne ya tafi. Tsohon kan buɗe bonet da sassafe, ya ji kamar injin bai yi ba, ya yi ta juya distibuta har sai ƙarar ta iso masa. Inda yake jin ta kuwa, nan ne inda take shan wahala.

Kalma ɗaya za ta wanke Makanike. Amma ya dubi ƙeyar tsohon nan, wanda babu abin da ya rage masa na alfahari sai kunne, ya ji ba zai iya ba.

"Ka gano?" Baba Direba ya tambaya da ya juyo.

"Ban gano ba, Baba."

"To, kada ka sake tako mini ƙofar gida."

Saƙonta ya same shi a gareji: "Ka ce kana sona, amma ka kasa tsayawa ka gyara abu ɗaya saboda ni? Ko dai ka gaji ne?"

Ya rubuta ya goge, ya rubuta ya goge. Abin da ya tura shi ne: "Ban gaji ba, hasken idona. Laifina ne. Ki yafe mini."

Ba ta amsa ba. Ya rame, ya zama kamar ba shi ba. Sai ya riƙe sifana ya manta abin da zai kwance. Abokan aiki suka bar tsokanarsa, wanda kuwa a gareji ba ƙaramin abu ba ne. Ya yi kuka, ba sau ɗaya ba, a ƙarƙashin motocin mutane inda babu mai gani.

Da saƙonta ya sake zuwa, gajere ne: "Gobe dillali zai ja motar. Baba ya ce daga nan sai maganata. Ban ci abinci ba."

Washegari ya je, ko da kora ce. Ya durƙusa gaban tsohon, daidai inda tsohon zai ga bakinsa.

"Baba, a bar ni in tayar da ita, ko na sallama ne."

Dillali ya yi dariya. Baba Direba ya ɗaga kafaɗa.

Makanike ya tayar, ya sassauta noti. Sai ya kamo hannun tsohon ya ɗora tafin a kan murfin inji.

"Na kasa da kunnena, Baba. Ka taya ni da hannunka. In ta kwanta ka ce in tsaya."

Ya shiga juyawa sannu sannu. Injin na karkarwa a ƙarƙashin tafin. Tsohon ya rufe ido. Karkarwar ta ragu, ta ragu.

"Tsaya! Nan ne!"

Ya buɗe ido ya leƙa. Ɗigon fentin ya haɗe cif, kamar ba a taɓa raba shi ba. Ya dubi fentin, ya dubi notin da sifanarsa shi kansa ta cinye.

"Tun yaushe ka sani?"

Makanike ya sunkuyar da kai.

"Ka sani, na zage ka, na kore ka, ka yi shiru?" in ji tsohon. Ya juya wajen 'yarsa. "Auta, kunnena ya tafi. Ba na jin motar nan. Ke ma rabin maganarki a leɓenki nake karantawa."

Ta fashe da kuka, ta rungume hannunsa. Ta cikin hawaye ta dubi Makanike.

"Baƙin Mai, ka bar ni ina zarginka?"

"Gara ki zarge ni, Autata."

Dillali ya duba agogo ya ce yana da wani uzuri. Babu wanda ya raka shi.

A motar nan aka ɗauki amarya. Ango ya dage sai Baba ya zauna a gaba. Kunnen bai dawo ba, ba kuma zai dawo ba. Duk addu'ar da mutane suka yi ta zubawa a bakin ƙofa bai ji ko ɗaya ba, sai dai ya ga hannuwa a sama ya ce amin. Da aka tayar, ya shimfiɗa tafinsa a gaban motar.

"Lafiya lau take, ɗana," ya ce. "Allah Ya yi muku albarka, Ya zaunar da ku lafiya. Ja mu tafi."