Teburin Marigayiya da Kwanon Baba

Mai na tsalle a kasko, kicin ɗin gidan Ham ya cika da ƙamshin soyayyen kifi, sai Gwaggo Mal-sun, ƙanwar maigidan, ta fizge wuƙa daga hannun amarya Eun-sil.

"Ba haka ake fere wa matattu tuffa ba. Samanta kaɗai ake yankewa. Ke a Daegu ba su koya miki komai ba sai waƙar coci?"

"Nuna mini, Gwaggo, zan koya," in ji Eun-sil.

Katanga ɗaya ce tsakanina da gidan nan, kuma gajera ce, don haka kada wani ya tambaye ni yadda aka yi na sani. Eun-sil matar Dong-ryul ce, babban ɗan Tsoho Ham. A masaƙa suka haɗu a birnin Daegu, ita ta fara kai shi coci, har aka yi masa baftisma. Suna son juna irin son da ke ba tsofaffi haushi. Da uwarsa ta rasu, sai ya ɗauko ta suka dawo ƙauyenmu kusa da garin Andong don ya riƙe gonar tuffa. A nan kuwa kowa ya sani, matar babban ɗa ita ke dafa abincin kakanni, ita ke fara sa musu goshi a ƙasa a cikin mata. Washegari bikin girbi ne, na farko tun bayan rasuwar.

Da yamma Dong-ryul ya ja ta bayan manyan tulunan da ake ajiye kayan miya.

"Sau ɗaya ne fa. Ki durƙusa ki tashi, a wuce wurin. Allah ai zuciya yake dubawa."

"Gwiwar fa, wa ya yi ta?" ta ce. "Zan dafa, don masu rai za su ci. Zan share, zan yi kuka don Mama, don na so ta. Amma ba zan kira ta ta zo cin shinkafa ba, ba kuma zan yi mata sujada ba. Kai ka san abin da aka rubuta. Tare muka karanta."

Ya tsinki ganye yana murzawa a hannu.

Da safe aka jera teburi a gaban hoton marigayiya: kifi, nama, tuffa, dabino, giyar shinkafa. Aka bar ƙofa a buɗe don ta shigo, aka soka cokali a tsaye cikin shinkafarta. Maza suka yi sujada. Dong-ryul ya ɗan tsaya, ya dubi ubansa, sai gwiwarsa ta sauka. Da aka zo kan mata, duk suka zube, Eun-sil kaɗai ta rage a tsaye, kanta a sunkuye, hawaye na ɗiga a kan farar rigarta.

"Yarinya," in ji Tsoho Ham a hankali, "ƙafarki ce ke ciwo?"

"Lafiyarta ƙalau, Baba."

"To me ya hana?"

"Allah ya hana ni, Baba. Ka yi mini gafara."

Gwaggo Mal-sun, ƙanwar tsohon, ta tafa hannu. "Kun ji ko? Na faɗa tun ranar ɗaurin aure. An kawo mana wadda za ta bar zuriya da yunwa a lahira."

Tsohon bai ko kalli amaryar ba. Ɗansa ya kalla.

"Na ba ka zuwa bikin baɗi. Ko ta sa goshi a ƙasa, ko ka mayar da ita gidan ubanta. In ka ƙi, ku fita tare, ban haife ka ba. Kafin nan, ba na cin abin da hannunta ya taɓa."

Kafin rana ta yi sanyi dangi duk sun ƙulle ragowar nama da kifi sun bi motar birni. Haka suke kullum. Su zo su yi wa matacce ladabi, su bar mai rai.

Tsohon ya koma ɗakinsa na bakin ƙofa, yana dafa wa kansa. Wane girki? Mutumin da bai taɓa sanin inda ake ajiye gishiri ba. Shinkafa ce mai sanyi yake jiƙawa da ruwa, haƙoransa kuma duk sun tafi sai 'yan kaɗan. Wandonsa ya fara zamewa.

Dong-ryul ya rasa inda zai sa kansa. Wata rana ya shigo ya tarar da matarsa tana fere kabewa.

"Haɗa kayanki, mu koma Daegu. Can babu mai tilasta mana komai."

"Baba fa?"

"Shi ya kore mu."

"Bai kore mu ba tukuna." Ta ajiye wuƙar. "Littafin da ya hana ni sujada ga kowa sai Allah, a shafi ɗaya ya ce a girmama uba da uwa. Ni ba ni da almakashin raba su. In na ɗauki wanda ya yi mini daɗi na bar ɗayan, to kaina nake bi, ba Ubangiji ba."

"Kin raina ni tun ranar nan. Faɗi gaskiya."

"Da na raina ka da ban kwana a gidan nan ba. Na ji ciwo, shi ke nan. Ba zan durƙusa don ka ci gaba da sona ba, ba kuma zan daina sonka don ka durƙusa ba. Tashi ka faso mini itace, ɗakin Baba ya yi sanyi."

Ya rufe fuska da hannu ya yi kuka kamar yaro, sannan ya tashi ya ɗauki gatari.

Daga ranar, kowace safiya sai ta dama kunun kabewa mai laushi, wanda ba sai an tauna ba, ta ajiye a bakin ƙofar tsohon, ta ce, "Baba, ga kunu." Kowace safiya shi kuma sai ya turo ƙofa ya juye wa kare. Karen ya yi ƙiba har ya daina bin kaji. A kasuwa ana ta dariya, wai karen gidan Ham ne farkon wanda ya tuba. Ni kaina na ce mata ta daina ɓarnar kabewa. Ta ce, "Inna, ba a ce mini in girmama shi sai in ya karɓa ba."

Sanyi ya shigo, dusar ƙanƙara ta rufe gonar. Wata safiya, Dong-ryul ya tafi kai tuffa kasuwa, Eun-sil ta ga kwanon yana nan yadda ta ajiye shi, kare na tsaye yana jira. Ta kira, shiru. Ta ture ƙofar ta shiga. Tsohon na kwance yana rawar sanyi, jikinsa zafi kamar murhu. Ta ƙara wuta a murhun da ke ɗumama daɓen ɗakin ta ƙasa, ta aika a kira likita, ta ɗumama kunun ta dawo ta zauna.

Ya kau da kai. Can ya ce, da murya kamar ba tasa ba, "In na mutu, wa zai ba ni abinci? Ƙanin mijinki ko kabarin uwarsa bai san hanya ba. Ke kuma ga ki."

Da wata ce, da ta yi masa alkawarin ƙarya don ya buɗe baki. Ita ba ta yi ba.

"Ba zan ruɗe ka ba, Baba. Bayan ka tafi, ko cokali ɗaya ba za ka samu daga hannuna ba. Can sai abin da Allah ya tanada, kuma kullum ina roƙa maka shi. Nan ne nake da iko. Don haka ka ci yanzu."

Ya zuba mata ido.

"Ke ba ki da kunya ko kaɗan."

"Akwai kunya, Baba. Kunun ne ke hucewa."

Tari ya kama shi, ashe dariya ce. Ya buɗe baki. Ya shanye, ya ce gishirin ya yi kaɗan.

Daga nan ya ci gaba da ci, kare ya koma ramarsa. Amma kada ku ɗauka ya janye maganarsa. Irin waɗannan tsofaffin, magana in ta fita ta fita. Bai ƙara ambatonta ba, su ma ba su tambaya ba, har bikin girbi ya zagayo.

Aka sake jera teburi, aka buɗe ƙofa, aka soka cokali. Eun-sil ta riga ta ɗaure kayanta a ɗaki tun jiya. Maza suka jeru. Suka zube ƙasa, ban da Dong-ryul. Ya ja da baya ya tsaya kusa da matarsa, fuskarsa fara fat.

"Baba," ya ce, "bara na durƙusa don tsoronka, ba don na gaskata ba. Na yi wa Allah ƙarya, na yi maka ƙarya. Ba zan mayar da ita ba. In ka ce mu fita, za mu fita, amma kullum za a kawo maka abinci daga duk inda muke."

"Yaya, ka ji!" in ji Gwaggo Mal-sun. "Ta shanye shi. Me kake jira?"

Tsohon ya daɗe yana kallon teburin. Ya kalli kifin, ya kalli naman, ya ɗaga kai ya kalli hoton.

"Mal-sun, yaushe rabonki da ki tambaye ni ko na ci abinci?"

Gwaggo ta sunkuyar da kai.

"Matar nan," ya nuna hoton, "duk zamanmu a tsaye take cin ragowata a kicin. Kan kifi ne rabonta. Ban taɓa jera mata teburi irin wannan tana da baki ba. Sai yanzu da ba ta ci." "Ni zan yi mata sujada har in mutu, haka na taso. Su biyun nan su tsaya su yi addu'arsu. Wanda abin bai yi masa ba, ga ƙofa nan, ai a buɗe take."

Babu wanda ya motsa. Ya juya ga Eun-sil.

"Yarinya, je ki kwance kayanki, na gan su. Ki dama mini kunu, wannan naman ba na iya tauna shi."

Tana fita Dong-ryul ya bi ta, a gaban kowa ya kama hannunta, abin da ba a taɓa yi ba a gidan nan tun da aka gina shi.

To ku 'yan mata da samari, ga abin da na gani. Tsayawa a gaban teburi na ɗan lokaci ne, mai taurin kai ma yana iya yin sa. Abin da ya riƙe auren nan shi ne kwanon da aka yi ta ajiyewa ana juye wa kare. Maganar Allah ba kasuwa ba ce da za ka zaɓi mai kyau ka bar mai tabo. Ka ɗauke ta duka, da wadda ta sa ka ce a'a, da wadda ta sa ka tashi da asuba ka hura wuta don wanda ya ƙi ka, sannan ka yi haƙuri ka bar wa Ubangiji sauran.