Benen da Ya Juya wa Titi Baya

Tahira na tsakar gida tana tankaɗen garin dawa lokacin da Gwaggo Aina'u ta yi sallama, irin sallamar nan da ba a jiran amsarta. Yayar mahaifinta ce, daga Bacirawa take inda take aure, kuma kowa a gidan ya san in ta zo ba a aika mata ba, to akwai wanda zai wuni da ɓacin rai.

"Ina Fatihu?" ta ce, ko mayafi ba ta sauke ba.

Malam Fatihu, mahaifin Tahira, ya fito daga ɗaki yana gyara zaman hularsa. Furfura ta cika masa gemu, amma a gaban yayarsa har gobe yaro ne. Ita ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, kuma ba ta taɓa bari ya manta da hakan ba.

"Sannu da zuwa, Yaya."

"Riƙe sannunka. Wai wannan ne gidan da za a kai mini 'ya?"

Ta wurga masa takardar da Abdulkabir ya aika mata don girmamawa. Abdulkabir shi ne saurayin Tahira, shekararsu uku suna tare, saura wata shida bikinsu. Zanen gine-gine ya karanta a birni, ya dawo yana aikinsa tsakanin Gezawa da ƙauyukan kewaye. Gidan da ya zana musu kwance yake, ba bene ba: zaure a gaba, zankaye biyu a saman ƙofa irin na mutanen da, dakali na zaman baƙi, tagogi masu kallon gona.

Gwaggo ta zaro waya daga jaka tana dangwalar hotuna. "Ku buɗe ido ku ga gidaje. Wannan hawa ɗaya ne, ga ginshiƙai biyu a ƙofa. Wannan hawa biyu, an manna masa tayil har sama. Wannan kuwa dubi barandarsa, da ƙarafuna masu ruwan gwal. Shi kuma ya kawo mana zanko, sai ka ce gidan tarihi. To ka gaya masa, bene nake so, da baranda mai kallon titi, duk wanda ya wuce a mota ya san 'yar wa aka kai. Ko haka, ko a fasa."

"Yaya, ai da an bi a hankali—"

"Na gama magana."

Tahira ta ci gaba da tankaɗe kamar ba ta ji, amma idonta na kan wayar. Gaskiya ɗaya ce, barandar nan mai ruwan gwal ta shiga ranta.

Bayan la'asar Abdulkabir ya zo zance. Suna tsaye a bakin zaure ya ɗauki tsinke ya zana mata a ƙasa.

"Kin ga filinmu nan. Ga gidan Malam Iliyasu a gabansa, ga titi can gaba. In baranda za ta kalli titi, dole ta bi ta kan tsakar gidan Malam. Bene ba ya gagara, zan yi. Amma a bar ni in juya fuskarsa gabas, wajen gona."

"Wa zai gani a wajen gona? Awaki?"

"Mu za mu gani, mu da za mu zauna a ciki."

"Ni dai ka san Raudatu ƙawata a bene take, kullum sai ta saka hoto a kan baranda. Kowa da lebul ɗinsa fa. Kuma mu titi za mu kalla, ina ruwanmu da gidan wani?"

"Ido ba ya neman izini, Tahira. A garin nan ko dabino mutum zai hau sai ya yi sallama sau uku don matan maƙwabta su kimtsa. Mu kuma mu hau mu zauna har abada?"

Ta turo baki. "Kai dai ka cika tsohon yayi. In da kana sona da gaske, da ba ka tsaya lissafin katangar wani ba."

Kalmar nan ta "in kana sona" ta rushe gidaje da yawa, a nan kuwa gina wani ta yi, kuma da ma ba ta gina ba. Abdulkabir ya goge zanen da tafin ƙafarsa. Ya san ba daidai ba ne, amma ya ji tsoron rasa ta, ya yi abin da aka ce.

Cikin wata biyar bene ya tashi a tsakiyar gonakin gero da gidajen ƙasa, fari fat, ana hango shi tun daga kwanar kasuwa. Masu wucewa a babur har rage gudu suke yi. Gwaggo kuwa ta cika Bacirawa da labari, ta ce ita ta zaɓi dizayin.

Saura sati uku biki, da hantsi, ta zo ta ɗauki Tahira su je a auna labule. Suka hau matakala Gwaggo na haki tana yabon tayil. Tahira ta riga ta fita barandar, ta dafa ƙarfen nan mai ruwan gwal, ta ɗaga kai ta ga titi. Daga nan idonta ya sauka ƙasa da kansa.

Tsakar gidan Malam Iliyasu na shimfiɗe a ƙarƙashinta, babu abin da ya ɓuya, har tukunyar da ke kan murhu. Malam Iliyasu shi ya koya wa mahaifinta karatu, ita ma a gabansa ta sauke. Kusan shekara ke nan bai fito ba, iyalinsa na cewa jiki ne na tsufa, yana hutawa, mutane kuma suka bar shi a haka. Ga shi nan kwance a tabarma cikin hantsi, ɓarin jikinsa ɗaya ya shanye, babu riga a jikinsa. Matarsa Inna Kaltume na durƙushe tana goge masa jiki da tsumma, tana juya shi kamar jariri.

Gwaggo ta iso ta leƙa. "Ikon Allah. Ashe haka Malam ya koma? Shi ne ake ta ɓoye-ɓoye?"

Muryarta ba ta san ƙasa-ƙasa ba. Inna Kaltume ta ɗago kai ta gan su. Ta fizge ɗankwalin kanta ta rufa wa mijinta, ita ta tsaya da furfurarta a waje, sannan ta kama bakin tabarmar tana ja da baya da baya, tsohuwa da ita, har ta shigar da shi ɗaki.

Kafin Tahira ta dawo hayyacinta, Gwaggo ta kara waya a kunne. "Ke Hajiya, ba ki ji abin da na gani ba yanzu..."

Ciki dai ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, amma na Gwaggo bai taɓa riƙe komai ba sai tuwon. Asirin da tsohuwa ta shekara tana rufewa da hannu biyu, kafin azahar ya kai Bacirawa. Tahira ta sauko a guje, cike da kunya da haushin kanta. Ta san ba Gwaggo kaɗai ta gina barandar nan ba.

A gida ta durƙusa gaban mahaifinta tana kuka. "Baba, ka yafe mini, amma ba zan shiga gidan nan ba sai an toshe barandar."

Gwaggo ta tafa hannu. "A toshe me? Abin da aka gama fenti? Su in ba sa son a gan su, su ɗaga katangarsu mana. Laifin wa ne don gidansu gajere ne?"

"Gwaggo, da me za su ɗaga? Mu muka same su a wurin."

"Iye! Ni kike mayar wa magana? To ka ji, Fatihu. Duk ranar da aka ɗora bulo ɗaya a barandar nan, babu aure. In kuwa ka ɗaura, na kwashe gadona da kujeruna da na saya mata, kuma babu ni babu kai har kabari."

Malam Fatihu ya sunkuyar da kai. "Tahira, ki yi haƙuri ki bi maganar manya."

Shi ke nan abin da ya iya faɗa. Dattijo guda, an tozarta malaminsa, amma tsoron yayarsa ya hana shi ɗaga ido.

Aka ɗage biki, ba a kuma sa wata rana ba. Gari ya ɗauka, wasu su ce aljanu ne suka shige ta, wasu su ce ta samu wani mai kuɗin ne. Ƙawayenta suka daina zuwa, Raudatu ma ta aiko mata da saƙo cewa ta cika ƙauyanci. Tahira ba ta yi wa kowa rashin kunya ba. Tana girkinta, tana gaida Gwaggo a waya ko da za a kashe mata, amma ba ta janye ba. Ta rame har zobenta na zamewa.

Abdulkabir ya zo ranar wata Juma'a, shi ma duk ya faɗa.

"Na kulle ƙofar sama, makullin na aljihuna," ya ce. "Bulo na nan a shirye, yau in kin ce in toshe, zan toshe."

"In ka toshe ba da izinin Baba ba, an raba mu ke nan. In ka bari, ni ba zan iya shiga ba." Ta share hawaye da gefen hijabi. "Ni na jawo mana. Ka gaya mini gaskiya tun farko na ce maka tsohon yayi."

"Ni ma da na tsaya a kan gaskiyar, da ba mu zo nan ba. Zan jira, ko shekara nawa ne."

Bayan wata guda, wata safiya ta kai wa mahaifinta koko, ta zauna nesa kaɗan.

"Baba, ba zan ƙara roƙon a toshe komai ba. Abu ɗaya nake roƙo. Yaushe rabonka da gaida Malam?"

Tambayar ta soke shi. Kunya ce ta hana shi zuwa tun ranar da abin ya faru. Ya ajiye kofin, ya saka takalmi ya fita.

Inna Kaltume ta yi masa iso har ciki, tun da ɗan gida ne. Yana tsakiyar gidan ya ɗaga kai. Daga titi ya sha ganin benen yana jin daɗi a ransa, amma bai taɓa ganinsa daga nan ba. Barandar na tsaye a kansa kamar mai leƙen rijiya. Babu kowa a kai, duk da haka sai da ya ji ya gyara wuyan rigarsa. An ɗaura buhunan taki da tsofaffin zannuwa a kan igiya, iska ta yayyaga su, ba su rufe komai ba.

Ɗakin Malam duhu ne da zafi. Inna Kaltume ta ce, "Likita ya ce a riƙa fito da shi hantsi. To tun ranar nan ya ce kada a ƙara fito da shi. An ce mana an kulle sama, ya ce ƙofar da aka kulle ai ana buɗe ta."

"Inna, me ya sa ba ku aiko mini ba?"

"Ya hana. Ya ce kada a ɓata wa yarinya aure saboda shi."

Malam Iliyasu ya miƙo hannunsa mai lafiya. Harshensa ya yi nauyi, sai da Malam Fatihu ya kai kunne kusa sannan ya ji.

"Ina... amarya? Allah... ya yi mata albarka."

Malam Fatihu ya kifa kai a gefen tabarmar ya yi kuka irin wanda bai yi ba tun yana yaro. Daga nan bai koma gida ba. Ya aika aka kira Abdulkabir, ya karɓi makulli, ya naɗe hannun riga, shi ya ɗora bulon farko da hannunsa. Sannan ya kira yayarsa a waya.

"Yaya, kin goya ni, ba zan taɓa biyanki ba. Amma Malam ne ya koya mini Fatiha. Ranar Asabar ta sama zan ɗaura auren Tahira. In kin zo, ke ce uwa."

Ba ta zo ba. Ta aiko da mota aka kwashe gado da kujeru, aka kai amarya da katifa da 'yan kwanukan da mahaifiyarta ta tara. Abdulkabir ya toshe fuskar titi gaba ɗaya, ya bar ƙananan ƙofofin iska can sama da kai, ya sa wani tsohon magini ya yi wa bangon ado irin na gargajiya. Baranda ta koma gabas, tana kallon gero. Masu wucewa suka sa wa gidan suna bene mai fushi da titi, ma'auratan kuwa ko a jikinsu. Sai da aka yi sunan ɗansu na fari Gwaggo ta sauko, ta zo da turmin atamfa tana cewa ita da ma can barandar ba ta yi mata ba.

Amma ladan haƙurin Tahira bai jira sunan ba. Kwana uku da tarewarta, da hantsi tana shara a sama, ta ji ƙarar jan tabarma daga bayan bangon. Ta tsaya cak da tsintsiya a hannu. Can sai ga wata murya mai nauyi tana jan karatu a hankali, harafi na tuntuɓe da harafi. Ba ta ga komai ba, kuma ba ta taɓa jin daɗin rashin gani irin na ranar ba. Ta zauna a ƙasa ta jingina da bangon tana bin karatun a ranta.

'Yan mata da samari masu shirin gini, kafin ku zaɓi hoton gida a waya, ku shiga gidan maƙwabci ku ɗaga kai tukuna. Duk tsayin da zai tona asirin wani ba ɗaukaka ba ce, kuma wanda ya rufa wa maƙwabcinsa asiri, Allah ba zai bar nasa a waje ba.