Batirin da Ba Shi da Laifi

A wani gari can, an yi wani direba mai a-kori-kura da ke kai masu tumatir kasuwa. Ana nan sai motarsa ta fara ƙin tashi. Kullum da safe sai masu tumatir sun sauko sun tura.

Direba ya ce, "Batir ne!" Ya ari na maƙwabcinsa. Mota ta tashi, ba a jima ba ta mutu.

Ya ce, "Batir ne!" Ya ari na amininsa. Mota ta tashi, ba a jima ba ta mutu, ga tumatir yana neman lalacewa a rana.

Ransa ya ɓaci, ya nufi gidan aminin don ya zarge shi da ba shi mataccen batir. A bakin ƙofa ya tsaya, ya ce, "Anya duk batiran garin nan ne matattu?" Sai ya juya, ya kirawo makaniki.

Aka tura mota ta tashi. Makaniki ya cire wayar batir, nan take motar ta mutu. Ya ce, "Direba, batir kamar randa yake. Mai zuba masa ruwan ne ya gaji." Ya kwance altaneta, wato na'urar da ke cika batir da wuta, ya ɗaura sabuwa.

Washegari masu tumatir suka jeru a bayan mota, suka naɗe hannun riga. Kafin su taɓa ta, ta tashi da kanta! Suka fashe da dariya, suka bi ta da gudu suna ɗarewa.

Da yamma direba ya mayar wa amininsa batirinsa cike da wuta, da kwandon tumatir a kai.