Polkar da Baudilio Ya Yanke

Tsirkiya ɗaya tak ta kai Baudilio kasuwar Boconó ran nan. Siririyar tsirkiyar gogensa, irin mai tsirkiya huɗu da ake kafawa a wuya, ita ce ta tsinke ita kaɗai a cikin jaka, ba wanda ya taɓa ta. Ya sauka gari da matarsa Filomena, ita a kan alfadari, shi a ƙasa yana jan linzami. Ya sayi tsirkiyar ya cusa a aljihu, ita ta sayi gishiri da kananzir, suka kamo hanyar ƙauyensu na kan dutse rana ta riga ta yi ja. Gogen na rataye a bayansa, don mutumin nan ko rafi zai je wanka sai ya saɓa abinsa.

Tun daren Asabar ba su yi wa juna maganar kirki ba.

A ƙauyukan nan, idan gwanin rawa ya mutu, a taron rawa na farko bayan an binne shi akan share fili, a buɗe ƙofa, kowa ya koma jikin bango. Mai goge ya ja polka, kiɗan rawar mace da namiji, wadda mamacin ya fi so, daga farko har ƙarshe, ba mai taka ƙafa. Ta mamacin ce. Ya yi rawarsa ta bankwana, ya mayar da abokiyar rawarsa wurin mijinta kamar yadda kowane namiji mai kunya yake yi idan kiɗa ya tsaya, sannan ya kama hanyarsa. Ba wanda ya taɓa tambayar dalili, ba kuma wanda ya taɓa tsallakewa.

Sai Baudilio.

Mamacin kuwa Crisanto ne, dogon mutum mai gonar kofi, wanda gashin bakinsa ya yi baƙi ƙirin da cimo, tabar nan mai danƙo da ake liƙawa a bayan haƙori. Tun suna samari, duk taron da aka yi, da an ja polka sai ya zo gaban Baudilio ya taɓa bakin malafarsa ya ce, "Mai goge, a ba ni aron uwargida." Me Baudilio zai ce? Hannuwansa biyu na kan aiki, kuma mai goge ba ya rawa. Haka zai zauna yana zuba musu kiɗa, yana kallon hannun wani a ƙugun matarsa, zuciyarsa na tafasa. Ya tsani Crisanto, tsana ta gaske, irin wadda mutuwa ma ba ta wanke ba.

To ran Asabar aka share fili. Doña Ermelinda, matar mamacin, ta tsaya bakin ƙofa cikin baƙaƙen kaya. Baudilio ya ja polkar, har ta kai wurin da kiɗa ke hawa kan siririyar tsirkiya, inda namiji ke juya mace. Nan ya ɗaga ido. Ya ga Filomena a jikin bango, idonta rufe, ƙafarta na bin kiɗan a ƙarƙashin siket.

Ya ɗage izgar gogen, kiɗa ya mutu a tsakiya.

"Ya isa haka," ya ce. "Wanda ke kwance ya ci gaba da kwanciyarsa."

Doña Ermelinda ba ta zage shi ba, da ma zagin ta yi. Cewa kawai ta yi, "Ka bar shi tsaye a tsakiyar fili, Baudilio, da hannu a buɗe." Washegari aka tarar da tsirkiyar a tsinke.

Yanzu ga su a hanya, hazon dutse ya fara saukowa ta cikin itatuwan kofi. Can ƙasa ƙararrawar coci ta buga ta almuru.

"Ka ja dabbar nan da sauri," in ji Filomena. "Ba na so duhu ya same mu a gonar mutane."

"Gonar mutane? Faɗi sunansa mana. Ko shi ma ya yi miki nauyi a baki?"

"Tsoho, ka ji kunya. Da gawa kake kishi."

"Ni na ga ƙafarki."

"Ƙafa ce, ta ji kiɗa. Kai ka yi kiɗan."

"Ke dai yi mini shiru."

Hanyar ta bi ta gefen daɓen Crisanto, faffaɗan filin nan da yake shanya kofi. Tun da ya kwanta ciwo ba a sake shanya komai ba. Ganye ya cika shi, kuma daga can ƙarshensa ba katanga, ba shinge, kwazazzabo ne kawai mai zurfi, ruwa na gurnani a gindinsa.

Alfadarin ya tsaya cak.

Baudilio ya ja. Ya zage shi, ya zagi uwar da ta haife shi. Dabbar ta kafe ƙafafu, kunnuwa a miƙe wajen daɓen, jikinta na ɓari.

Sai wari ya zo. Ba na ruɓaɓɓen ɓawon kofi ba, wannan ya saba da shi. Wani ne mai kauri, mai ɗaci, mai kama maƙogwaro.

Cimo.

Kwaɗin rafi suka yi shiru gaba ɗaya, kamar an rufe su da ƙwarya. Cikin shirun nan ya ji taku a kan daɓe. Ɗan tsalle, sai taku gajeru masu sauri. Ɗan tsalle, sai taku. Tafin takalmin fata ne a kan busasshen ganye. Baudilio ya yi rabin rayuwarsa yana yi wa wannan takun kiɗa, ko cikin barci zai gane shi.

Takun ya zo daidai wurin juyi. Ya tsaya.

Shiru.

Ya koma farko.

"Filomena," ya ce da raɗa, bai waiwaya ba. "Kama wuyan dabbar da kyau, za mu juya."

Ba amsa. Ya waiwaya. Sirdi ne kawai, da ƙullin gishiri na lilo.

Tana tsakiyar daɓen. Mayafinta na ulu ya faɗi a ƙasa. Hannunta na hagu a ɗage, a kan kafaɗar da ba ta nan, na dama a miƙe, yatsunta a naɗe cikin iska. Rigarta ta lotsa a ƙugu, daidai faɗin tafin hannun namiji.

Idonta a buɗe yake. Kallonsa take, kuma tsoro ne zalla a ciki.

"Baudilio," ta ce, leɓenta da ƙyar yake motsi. "Ya ƙi sakina."

Ya zabura zai shiga daɓen. Ƙafarsa na taɓa bakinsa wani abu ya bangaje shi a ƙirji, irin bangazar da masu rawa ke yi wa wanda ya tare fili. Ya faɗi zaune a kan duwatsu. Ya tashi ya sake, aka sake watso shi, bakinsa ya fashe.

Suka fara kuma. Ɗan tsalle, taku. Ganye na tashi a wurin da ba ƙafa. Suka zo wurin juyi suka tsaya, ita a karkace, rabin jikinta a juye. Sannan aka fizge ta aka koma farko.

Amma ba daga inda aka fara ɗazu ba. Kowane komawa sai sun matsa wajen kwazazzabon.

"Sake ta, ɗan banza!" Baudilio ya daka tsawa. "Da ni kake, ba da ita ba."

Ba a ko kula shi ba. An taɓa ganin mai rawa ya tsaya sauraron surutun mai goge? Abu ɗaya ake jira daga gare shi, kuma ya sani.

Ya fizgo jakar daga bayansa. Ya zaro gogen. Ya lalubo tsirkiyar a aljihu, ta warware ta kuɓuce masa cikin ciyawa. Ya durƙusa yana shafa ƙasa da tafin hannu, haske na ƙarewa, ƙaya na shiga yatsunsa. Ya same ta. Ramin da ake zura ta ɗan mitsitsi ne.

Taku. Tsayawa. Farko.

Ya zura. Ya murɗa. Tsirkiyar ta yi ƙara kamar za ta sake tsinkewa.

Ya ɗago kai. Dugadugan Filomena na watsa tsakuwa cikin kwazazzabon, ba ya ma jin saukarsu.

Ya sa gogen a wuya ya ja.

Kiɗan ya fito a gurguje, a murguɗe, cike da haushi. Takun bai bi shi ba. Aka tsaya cik, Filomena a baki-bakin rami, bayanta ga iska. Warin cimo ya taso har idonsa ya kawo ruwa, ya ji numfashi mai sanyi a gefen kunnensa, alhali ga matarsa can nesa a riƙe.

"Da kyau," aka ce, a hankali. "Kamar yadda ka iya."

Wannan ita ce ta fi yi masa ciwo. Ya yi wa maƙiyinsa kiɗa, ba ma kiɗa kawai ba, mai daɗi. Baudilio ya haɗiye jinin bakinsa. Ya rufe ido. Ya koma farko, ya ja ta yadda ake janta ran bikin gama tsinkar kofi, da sauƙi, da fara'a, kamar ba abin da ke duniya sai ƙafa da ƙasa.

Takun ya kama.

Ya ji su sun baro bakin ramin. Ya ji sun zagaya daɓen, siket na shara. Sabuwar tsirkiya ba ta gama zama ba, tana saki, yana binta da yatsa, tana yanka shi.

Ga wurin juyi ya zo.

Hannunsa ya so tsayawa. Wallahi ya so. Tsohuwar tsanar nan ta taso masa har wuya.

Ya danne ta, ya hau siririyar tsirkiya.

Ya buɗe ido ya ga an juya matarsa. Sau ɗaya, cikakke, gashinta mai furfura ya warware. Ƙafafunta ba su taɓa ƙasa ba.

Ya kai polkar ƙarshenta, ya rufe ta da bugun nan mai ƙarfi da ake rufewa.

Shiru.

Sai taku, na tafiya yanzu, ba na rawa ba. Filomena na tahowa wajensa, hannunta a ɗage, a kan damtsen da ba a gani. Aka kawo ta har gabansa. Wasu yatsu masu sanyin dutsen rafi suka kama wuyan hannunsa, suka buɗe tafinsa, suka ɗora nata a ciki.

"Ga uwargida, mai goge."

Wani abu ya faɗo a fuskar gogen, tsul. Baƙin tofi mai danƙo.

Kwaɗi suka ci gaba da kuka. Baudilio ya ɗora matarsa a kan alfadari, jikinta kamar an tsamo ta daga ruwa, ya ja linzami da gudu. Bai waiwaya ba har suka ga fitilun ƙauye.

Filomena ta yi kwanaki a kwance da zazzaɓi, tafin ƙafarta duk ya sale. A ƙugunta akwai shatin yatsu, shuɗi, wanda ya daɗe bai baje ba. Doña Ermelinda ta zo dubiya da romon kaza, ta ba ta a baki da hannunta, ta fita ba ta ko kalli inda maigidan yake zaune ba. Tabon gogen kuwa an goge shi da toka, an goge da giyar rake, an kankare da wuƙa. Yana nan. Idan damina ta yi sanyi har warinsa yake tashi.

Baudilio bai sake yanke kiɗa ba, ko na yara ne masu wasa a tsakar gida. Amma Filomena ba ta sake taka rawa ba. Da an ja polka sai ta naɗe ƙafafunta a ƙarƙashin benci, ta danne gwiwoyinta da hannu biyu.

Wata yamma suna zaune a ƙofar gida tana tsince wake, ya daure ya ce, "Tsohuwa, in na ba wani gogen ran Asabar, za ki koya mini takun?"

Ba ta ɗago ba.

"Yanzu?" ta ce. "Da ƙafafuna na da lafiya ba ka taɓa tambaya ba. Ka ƙare ƙuruciyarka kana ƙin mutumin da kullum yake dawo maka da ni har gabanka. Rana ɗaya tak aka kusa tafiya da ni, kuma kai ka yanke kiɗan."

Ta ture masa ƙwaryar waken ta shige ciki, tana ɗingishi.