Kujerar da Aka Bari a Tsakiya

Da la'asar sakaliya Mujitaba mai hoto ya bar Ƙafin Maiyaki a kan babur, ya kama hanyar Doguwa. Aiken mahaifiyarsa ne, Inna Laraba, wadda ciwon ƙafa ya kwantar tun farkon damina. Ba magani ta aike shi nema ba. Cewa ta yi ya ɗauko mata hoton gidan da aka haife ta, a wani ƙauye da ya tashi tun tana budurwa, can gaba da Tudun Wada, a gefen daji. Tana so ta gan shi tsaye a ƙofar zauren babanta kafin ta bar duniya. Ta kuma ja masa kunne: kufai ba ya zama ba kowa, in masu gida suka tashi wasu kan tare. Ya yi sallama kafin ya shiga, ya kama bakinsa, ya fito kafin rana ta faɗi.

Ya ce to, irin to ɗin da ake ce wa tsofaffi don a wuce wurin.

Mujitaba ba mutumin banza ba ne, yana son uwarsa kamar ransa. Bakinsa ne dai ba shi da linzami. A gidan biki ko suna, in ya gama ɗauka jama'a suka yanyame shi da "mu gani, mu gani", amsarsa ɗaya ce kullum: mai son ganin nasa ya biyo shi gida. Maganar ta zame masa kamar atishawa, ba ya sanin ta fito. Ga sabuwar kyamara kuma ta ƙara fasa masa kai. Akwai manhaja a wayarsa da ke haɗa ta da kyamarar ba tare da igiya ba. Duk abin da idon kyamara ya gani sai ya fito a fuskar wayar, daga nan zai danna ya ɗauka. Aibinta ɗaya, wanda ya sha yi wa tsaki: in ka yi nisa da kyamarar kamar daga zaure zuwa tsakar gida, haɗin ya yanke.

A Tudun Wada ƙusa ta huda masa taya. Kafin mai faci ya gama, rana ta yi ja. Mai hankali da ya juya, amma Mujitaba ya tuna yadda Inna ta bi shi da ido har ya fita, ya ce ba zai koma mata hannu rabbana ba.

Ya sauka daga kwalta, ya bi wani burtali tsakanin dawar da ta fi mutum tsayi, har ya iso. Katangu sun zube. Tumfafiya ta cinye tsakar gida. Zauren kaɗai ke tsaye, ba rufi, bakin ƙofarsa baƙi ƙirin. Haske na ƙarewa, shi kuma hankalinsa na kan haske. Ya kutsa kai ba sallama.

Ya kafa kyamarar a kan sandarta mai ƙafa uku, ya je ya tsaya a ƙofar zauren da waya a hannu. Ya ga kansa a ciki, ya gyara hula, ya danna. Ƙaras. Sai ya dubi filin da ba kowa, abin ya ba shi dariya.

Ya ce, "To jama'a, an gama. Mai son ganin nasa ya biyo ni gida."

Gyare suka yi tsit.

Ƙamshin daddawa ya bugi hancinsa, da hayaƙin kara, kamar ana girki a bayan katanga. Can cikin gidan aka fara daka. Dum. Dum. A hankali, kamar mai dakan ba ta gaggawa.

Ya sunkuya ya dubi wayar.

Ba shi kaɗai ba ne a ciki. An jeru kewaye da shi yadda ake jeruwa a hoton dangi, tsofaffi zaune a gaba, dogaye tsaye a baya. Tsayin na bayan ya wuce katangar zauren. A tsakiyar sahun gaba akwai kujera 'yar tsugunno, ba kowa a kanta.

Ya waiga. Ciyawa ce kawai.

Ya sake duban wayar. Yanzu ba kyamara suke kallo ba. Duk sun karkato wuya, suna leƙen abin da ke hannunsa.

Wani numfashi mai sanyi ya taɓa masa kunne.

"Mu gani."

Bai san yadda ya isa wurin babur ba. Kyamara da sandarta ya bar su a tsaye. Ganyen dawa na yankar fuskarsa, yana ta bugun babur har ya tashi. Sai da ya hau kwalta ya ja numfashi.

Ya yi tafiya mai nisa kafin ya lura aljihun rigarsa na haske. Ya rage gudu, ya zaro wayar da hannu ɗaya. Haɗin bai yanke ba.

Ƙeyar mutum ce a ciki. Hula a karkace, gumi ya jiƙa wuyan riga, fitilar babur na haska titi a gabansa.

Ƙeyarsa ce.

Shi ya san iyakar inda haɗin nan yake kaiwa. Tsakanin ƙeyarsa da kyamarar kuwa ko zira'i ɗaya bai kai ba. Sai a lokacin ya ji yadda bayan babur ɗin ya yi nauyi.

Bai waiga ba. Ya kama Ayatul Kursiyyu, harshensa na sarƙewa, yana komawa farko. Abu ɗaya ya tsaya masa a rai: ba zai kai wannan kaya inda Inna take kwance ba. Da ya zo Ƙafin Maiyaki ya wuce kwanar gidansu ko kallo bai yi ba, ya miƙe har Kwanar Dangora, inda fitilun masu shayi da hayaƙin tsire suke. Ana kiran isha'i. Ya yar da babur a ƙofar masallaci, ya faɗa ciki da takalmi ɗaya.

Fuskar wayar ta yi baƙi. Haɗin ya yanke.

Ya goge manhajar, ya kashe wayar, ya yi salla yana kuka don murna. A zatonsa masallaci ne ya kore su. Bai kawo a ransa cewa haɗi kan yanke in kyamara ta yi gaba ba. Ya manta kuma ba Kwanar Dangora ya ce su zo ba.

Da ya koma gida, matarsa Karima ce ta tare shi a zaure, da alamar ɓacin rai. Ta tambaye shi yaushe ya shigo ya ajiye kayan aikinsa a ɗakin Inna, ya sake fita ko magana babu. Ta ce tun da aka kira isha'i take jin Inna na ta yi wa baƙi maraba, tana tambayar mutan gida, ita ta ɗauka maƙwabta ne suka zo dubiya.

Ya ture ta ya wuce.

Sandar mai ƙafa uku na tsaye a bakin ƙofa, ƙafafunta duk laka da ƙarangiya. Idon kyamarar na kallon gado.

"Inna," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Inna, ni ne."

Tana jingine da bango. Ta ɗaura sabon kallabi, ta haɗa hannuwa a cinya, kamar wadda aka ce ta shirya za a ɗauka. Ya taɓa hannunta. Ya riga ya yi sanyi.

Kyamarar, tun washegari ya ɗaure ta da dutse ya jefa a kogi. Wayar ce ya kasa taɓawa sai bayan an share makoki. Da ya kunna, manhajar ba ta nan, amma akwai hoto guda da ba shi ya ɗauka ba. Zauren ne, da mutanen nan a jere. Inna Laraba na zaune a kan kujerar tsakiya da sabon kallabinta, ba ta murmushi.

Mujitaba ya bar sana'ar hoto, yanzu hatsi yake aunawa a kasuwa. Ko ɗakin da ba kowa zai shiga sai ya yi sallama, ya ɗan jira. Masu tsokanarsa da tsohuwar maganarsa sun gaji sun daina, don ba ya dariya. Wayar tana ƙasan akwati, ya kasa yar da ita, domin hoton da ke cikinta shi ne kaɗai na Inna a gidan babanta. Amma ba ya buɗewa. A hoton, bayan kafaɗar Inna, daidai inda ya tsaya ran nan, mutanen sun matsa gefe da gefe, sun bar wurin mutum ɗaya.