Keji Mai Bene

Kwalin ne ya fara jan hankalin Lukumanu, ba yarinyar ba. Haka yake rantsuwa har yau, kodayake babu wanda ya taɓa yarda da shi.

A bakin kasuwar Ƙaraye ne, ya tsaya da babur ɗinsa zai sayi mai, sai ya ji wani kwali yana fito. Kwalin taliya ne da aka huhhuda, wata budurwa mai shuɗin hijabi ta rungume shi kamar jariri. Lukumanu kuwa, manomin gyaɗa daga Zoza, Allah ya yi shi da son bin ƙwaƙƙwafi.

"Salamu alaikum. Don Allah 'yan mata, tsuntsu ne a ciki?"

Ta amsa sallamar, ta ɗaga murfin kaɗan. Wasu dabbobi biyu ne ɓulɓul, ɗaya fari ɗaya ruwan ƙasa, suna ta motsa hanci.

"Ɓeran Masar ne. Ba ka taɓa gani ba?"

"Ina wutsiyarsu?"

"Ba su da ita."

"Me suke ci? Suna cizo? Me ya sa suke fito?"

"Malam, ɗan jarida ne kai?" ta ce, tana rufe baki da gefen hijabi. A wannan dariyar ce ya manta da mai.

Sunanta Ikilima, 'yar Yammedi. Wata ƙawarta ce ta ba ta su, ta raɗa musu Ɗanwake da Alkaki. Damuwarta ɗaya, a kwali suke kwana, ga wani muzuru da ya sa musu ido.

"Ni zan yi musu keji," in ji Lukumanu, mutumin da bai taɓa riƙe zarto ba a rayuwarsa.

Da wannan alkawari ya samu lambar waya, ya kuma samu dalilin zuwa Yammedi. Duk yammacin da ya je zance, da damin ɗanyen ganyen gyaɗa a bayan babur. A gida kuma ya tara katako da ƙusa da ragar ƙarfe, ya ƙwale ɗan yatsa da guduma har farcen ya yi baƙi. Bai tambayi kowa komai ba, so yake ya ba ta mamaki.

Abin da ya ƙera ya isa a kalla: dogo mai hawa biyu, da ɗan tsani, da koren fenti. Ƙasansa raga ce, don ƙazanta ta riƙa zubewa. Ranar da ya kai shi, mutanen unguwa har leƙe suke. Ikilima ta yi godiya, amma ya lura ta daɗe tana shafa ragar ƙasan da tafin hannu.

Ba a jima ba saƙonta ya shigo:

"Kafintana, kada ka ji haushi. Ɗanwake da Alkaki sun ƙi cin abinci. Sun takure a lungu, ƙafar Alkaki har ta kumbura."

Ya rubuta: "Za su saba, Gimbiya. Sabon gida ne."

Ba su saba ba. A daidai lokacin ne kuma kawunsa Ilu ya je wajen mahaifinta, Malam Dalhatu, neman izini. Kawu Ilu ya dawo jiki a sanyaye.

"Ya ce bai ga laifin gidanmu ba, kai ne bai gamsu da kai ba. Wai ya ga kejinka. Ya ce ka yi gini don masu kallo, ba ka tambayi masu kwana a ciki ba, kuma irin wannan mijin ba zai ba shi 'yarsa ba."

"Kawu, saboda ɓera?"

"Saboda ɓera, ɗana."

Maganar ta yi masa zafi. Washegari ya hau babur ya nufi Yammedi don ya ji daga bakinta. Tun daga nesa ya hango kejinsa a bayan katanga, kaji sun haye benen suna ta harkarsu. A ƙofar gida kuma ga motar Nuruddeen, ɗan wani mai shagon taki da ya daɗe yana neman Ikilima, ana sauke wani kejin ƙarfe mai ƙyalli da ya sayo a Kano. Lukumanu bai ko kashe babur ba, ya juya. Zuciyarsa ta yi baƙi ƙirin, ya daina ɗaga wayarta.

Ita ce ta gaji ta rubuto:

"Ranar nan na san ka zo, ko da ban gan ka ba. Su ne suka faɗa mini. Da sun ji ƙarar babur ɗinka suke fara fito, sun san ganyen gyaɗa ya iso. Motar Nuruddeen ko kunne ba sa ɗaga mata. Kejinsa ma ƙasansa raga ce, na sa an mayar masa. Sun koma kwali. Ni ma tun ranar ban ci abin kirki ba."

Ya karanta, ya sake karantawa. Kunya ta kama shi, a bayanta kuma tsohon halinsa ya motsa. Shi da ya tsare baƙuwa a kasuwa da tambayoyi, ya aka yi da ya ɗauki guduma bakinsa ya mutu?

Da la'asar ya yi sallama a ƙofar gidansu, ya roƙi a fito masa da kwalin zuwa zaure. Ya zauna a tabarma ya zuba wa dabbobin ido, Ikilima na daga bakin ƙofa.

"Me ya sa ba su hau tsanin ba?"

"Ba sa hawa. A ƙasa suke gudu, fili suke so."

"Ragar fa?"

"Taɓa tafin ƙafarsa ka ji." Ya taɓa, laushi kamar kunnen jariri.

"To me ya sa suke cusa kai ƙarƙashin tsumma?"

"Matsorata ne. In ba su da maɓoya, ba sa sakin jiki su ci."

"Gimbiya, me ya hana ki faɗa mini tun farko?"

Ta sunkuyar da kai. "Ba ka tambaye ni ba. Kuma na ga farcenka."

Bai san Malam Dalhatu na zaune a bayan zauren yana gyaran fartanya ba.

Keji na biyu ba shi da kyan gani ko kaɗan. Gajere ne mai faɗi, ƙasansa katako shafaffe da aka shimfiɗa wa busasshiyar ciyawa. Raga a gefe da sama kawai, da murfi mai sakata saboda muzuru. A lungu ya kifa wani tsohon tulu mai fasasshen gefe. Fenti kuwa bai shafa ba, don Ikilima ta ce suna gwaguyar katako.

Da ya kai shi gidansu Ikilima aka sake su a ciki, Alkaki ya shige tulun, ya leƙo, ya fito a guje ya yi wani ɗan tsalle. Ɗanwake ya kama ganye ya hau ci. Ikilima ta tafa hannu, idonta ya kawo ruwa.

Gyaran murya suka ji. Ikilima ta shige gida da sauri, Lukumanu ya durƙusa ya kwashi gaisuwa. Dattijon ya duƙa ya shafa ƙasan kejin, ya gwada sakatar, ya daɗe yana kallon tulun.

"Na ji an ce kana gina ɗaki a Zoza."

"Haka ne, Baba."

"Ina tagarsa take kallo?"

"Ban fitar da taga ba tukuna, Baba. Na tsayar da magina. Jira nake in tambaye ta."

Malam Dalhatu ya miƙe ya karkaɗe rigarsa. Har ya kai ƙofa, sannan ya ce ba tare da ya waiwayo ba, "Ka ce wa Ilu ya dawo."

Bayan an cire gyaɗa aka ɗaura aure a Yammedi, aka shafa fatiha, dattawa suka yi ta sa albarka. Cikin kayan amarya da aka ɗora a mota har da gajeren kejin nan, a lokacin kuwa mazaunansa sun ƙaru, don ashe Alkaki mace ce. Wannan ma babu wanda ya tambaya.

Tagar ɗakinsu tana kallon gabas, wajen gonar gyaɗa, kamar yadda Ikilima ta zaɓa, a ƙarƙashinta aka ajiye kejin. Duk yamma, tun babur yana kan kwana fito yake kaurewa, ita kuma ta leƙo ta tagar tana murmushi.

"Sannu da zuwa, Kafintana."

Allah ya bar su tare, ya ba su zuri'a mai albarka.